Kawu, Ɗan Aikensa da Magininsa

Ban taɓa zama a gidan makoki irin na Kawu ba. Mu mata muna ciki tare da Hajiya, matarsa, maza suna ƙofar gida ƙarƙashin rumfa. Baƙi za su zo a sanyaye, a yi addu'a, a shafa, wuri ya yi tsit. Can sai ka ji wani a waje ya ce, "Kun tuna ranar da hularsa ta hau fanka?" Sai dariya ta ƙwace wa mutane, ta tsallako katanga har inda muke. Mahaifiyata, wadda take ƙanwa a gare shi, ta ɗago da idanu jajawur ta ce, "Yanzu wannan wane irin makoki ne, fisabilillahi?"

Hajiya ta share fuska da gefen mayafinta ta ce, "Ƙyale su. Da yana nan, muryarsa ce za ta danne ta kowa."

Amininsa Ardo bai samu jana'iza ba. Daga rugarsu ta bayan Babura ya taso a bayan babur, ya iso rawaninsa a karkace, ƙafafunsa duk laka. Ya tsaya a bakin zaure ya ce a gaya wa Hajiya yana gaisuwa. Da ta matso, sai ya ɗaga murya kamar yadda ya saba, ya ce, "Babarbaren nan ya yi mini wayo. Sau nawa ina gaya masa bawa ba ya shiga gaban ubangidansa?" Bai iya ƙarasawa ba. Ya dafa bango, ya sunkuyar da kai, aka kama shi aka zaunar.

Tsofaffin ɗalibansa kuwa sun zo daga Roni, daga Gwiwa, daga Kano, wasu da furfura. Kowa da abin da yake kwaikwaya: wannan tafiyarsa, wancan yadda yake tafa hannu, wani yadda yake ihu idan aiki ya yi kyau. Hoton da aka rataye a falo kuwa na takardun ritaya ne, ya haɗe rai kamar alƙali. Na dube shi na ce a raina, idan jikokinsa suka tashi wannan hoton kaɗai suka sani, to ba su san kakansu ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Kakanninmu Barebari ne, daga gabas suka zo suka zauna a Kazaure, a unguwar da ke gindin duwatsu. Lissafi ya karanta, shi ya fara koyarwa. Da kwamfuta ta shigo makarantar da yake aiki, wasu malamai suka riƙa zagaye ta kamar kura a ɗaure, shi kuwa ya faɗa mata gaba ɗaya, har ya yi ritaya ita yake koyarwa. Bayan ritayar ma bai huta ba. Ya mayar da ɗakin zaure ofis, ya ɗora faifan sola a kan rufi, ya ajiye tebur da butar shayi. Duk wanda ya zo wucewa, ko mai tallan gyaɗa ne, sai ya kira shi ya zo ya ga abin mamaki.

Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Uwata yake kira na. Idan na shigo zai miƙe tsaye da girmansa ya ce, "A ba Uwata kujera!" ko da babu kowa a ɗakin sai mu biyu. Babban ɗansa kuwa, wanda nake kira Yaya, yana aikin rubuta manhaja a Kano, kuma tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakin Kawu ba. Kunyar ɗan fari. "Wancan na Kano" yake ce masa.

Yana da maganar da ɗalibansa duka suka haddace. Yakan ce, "Na'ura ba ta da kara. Abin da ka faɗa mata take yi, ba abin da kake nufi ba." Kuma ba ya kiran komai da sunan da Turawa suka ba shi, sai ya raɗa masa na gida. Ya ce abin da ba ka iya kira da bakin uwarka ba, aro kake yi.

Ni malamar dabbobi ce a Babura. Wata shekara ciwon huhu ya shiga garkunan da ke bakin iyaka, Ardo kansa ya yi asarar shanu masu yawa. Na zo Kazaure hutun ƙarshen mako ina yi wa Kawu ƙorafi: muna zuwa ruga mu yi bayani da Hausa, maza su gyaɗa kai, amma matan da suke ganin maraƙi safe da yamma, waɗanda za su fara lura da tari ko numfashi sama-sama, da yawansu Fulatanci ne kawai ke shiga kunnensu. Kafin labari ya iso gare mu, cuta ta yi nisa.

Ban rufe baki ba ya buga tebur, shayi ya fantsama. "Uwata! Ba suna da waya ba? To wayar za ta yi musu magana! Hoton saniya, a taɓa, ta faɗi alamomin ciwo. A taɓa wani, ta faɗi inda ake allura. Babu rubutu ko ɗaya!" Ya miƙe yana zagaye ɗakin, yana lissafa wa yatsunsa garuruwa: Kazaure, Roni, Gwiwa, Babura, kowanne da wuraren allurarsa. Hausa da muryata, Fulatanci da muryar Ardo.

Ranar da Ardo ya zo ɗaukar murya ba zan manta da ita ba. Tun daga ƙofa suka fara. Kawu ya ce, "Ɗan Fulani, cire takalmi, nan ba daji ba ne." Ardo ya ce, "Ina ruwan mai gida da dokar bawansa?" Na miƙa wa Ardo takardar da na buga, bayanin da zai riƙa dubawa yana mayarwa Fulatanci. Ya karɓa, ya ƙura mata ido. Ni ban san ba ya karatun boko ba. A ɗakin akwai baƙi biyu da suka zo kallo. Kawu ya leƙa takardar ya fizge ta, ya ce, "Kai, Uwata, wannan injin bugun naki ya tsufa, tawada duk ta koɗe. Wa zai karanta wannan?" Takardar kuwa baƙi wuluk take. Ya zauna ya kwafe ta gaba ɗaya da hannunsa cikin ajami, yana yi yana ba baƙin labarin wata akuya da ta taɓa cinye masa jarabawar ɗalibai. Ya miƙa wa Ardo. Ardo ya gyara zama, ya karanta tiryan-tiryan, muryarsa kamar ta mai huɗuba. Baƙin nan har suka tafi ba su san an yi wani abu ba.

A nan sai in ɗan yi bayanin aikin yadda shi ya yi mini, don abin da ya biyo baya ya fito fili. Manhaja kafin ta shiga waya tarkace ce: rubutu a nan, hotuna a can, muryoyi a wani wuri. Akwai wani shiri da yake tattara su ya dunƙule su zama abu ɗaya da waya za ta iya buɗewa. Shi Kawu yake kira magini. Yaya ne ya tsara wannan ɓangaren daga Kano. To amma magini ba ya sanin wane harshe ake so ko wane gari, sai an gaya masa. Sai Kawu ya rubuta wani ɗan ƙaramin fayil, irin wanda sunansa ke ƙarewa da bat, wanda kwamfuta take bin layukansa ɗaya bayan ɗaya. Shi ne ɗan aike. A ciki zai rubuta set HARSHE=hausa, a layi na gaba set GARI=roni, sannan ya kira magini. Magini yana tashi sai ya duba ya ga an ajiye masa suna HARSHE da abin da ke cikinsa, da suna GARI da nasa, ya yi gini daidai da su.

Na ce, "Kawu, me ya sa ba za a rubuta wa maginin a cikinsa ba kawai?"

Ya zaro ido. "In an binne a cikinsa, duk ranar da kike son sabon gari sai an yi masa tiyata. Amma in daga waje ake ba shi saƙo, ke da kanki za ki canza kalma ɗaya, shi ke nan. Ba na son aikin da sai ni ko wancan na Kano."

Ranar da ya fara gwada garuruwa huɗun a jere, na Kazaure kaɗai ya fito, sai komai ya tsaya. Ya sake, haka. Ya tsaya yana shafa gemu yana yi wa allo faɗa: "Na aike ka gida huɗu, ka je ɗaya ka zauna? Tuwo aka ba ka?" Muna nan har la'asar ta kusa, sai ya daka tsalle. Ashe ƙofar maginin ita ma irin wannan fayil ɗin ce, kuma idan ɗan aike ya shiga wurin ɗan uwansa ba tare da an sa kalmar call a gaba ba, can yake zama, ba ya dawowa ya ƙarasa sauran aiken. Ya ƙara kalmar a kowane layi, ya danna. Kazaure ta fito. Roni ta fito. Gwiwa. Babura. Kawu ya kurma ihu, "Ya dawo! Ɗan albarka ya dawo!" ya cire hula ya wurga sama. Fanka tana juyawa ta cafke ta, ta yi ta zagaye da ita, shi kuma yana ƙasa yana bin ta yana tafi. Maƙwabta suka shigo a guje, sun ɗauka gobara ce. Ranar duk wanda ya shigo sai da aka nuna masa kalmar nan, har da ladanin masallacinmu, wanda ya ce shi dai ya ga rubutu, Allah ya sa alheri.

Na Fulatanci shi ya zo ƙarshe, bayan an gama tace muryar Ardo. Kawu ya ƙara layukansa a ƙasan ɗan aike da sassafe, hannunsa har rawa yake don murna, magini ya yi aikinsa, muka zuba a waya. Na ce mu saurara mu ji. Ya rufe wayar da tafin hannu. "A'a. Mai murya shi zai fara jin muryarsa. Ba za mu riga shi ba."

Muka hau mota zuwa Babura, daga nan babur zuwa ruga. Ardo ya tara mutanensa a inuwar wata tsamiya, dattawa a gaba, mata a gefe da ƙoren nono. Tun kafin mu zo ya gaya musu yau za su ji shi yana magana daga cikin waya. Masu allura kuma za su zo ranar kasuwa mai zuwa, kuma da wannan taron muke fatan a yarda a fito da shanu. Kawu ya miƙa wa Ardo wayar da hannu biyu. Ardo ya taɓa hoton saniya.

Muryata ce ta fito, da Hausa raɗau.

Ardo ya dubi wayar, ya dubi Kawu. "Babarbare, ashe mace ka mayar da ni?" Aka fashe da dariya, har da matan. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Wani dattijo da dama can ba ya son maganar allura ya ce, "To ina muryar Ardo? An ɗauke ta a na'ura, mun ji. Ina aka kai ta?" Wuri ya yi sanyi. Na ga mutane suna duban juna. Wani ya ce shi shanunsa ba za su je ko'ina ba sai an gane wannan. Ardo ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa, amma na ga yadda ya matse sandarsa. Dattijo ne da ya yi alkawari gaban jama'arsa.

Muka kamo hanyar Kazaure. Muna isa ya kira Yaya, ya buɗe muryar wayar ina ji. Ya ce maginin da aka turo daga Kano kurma ne, ba ya jin saƙo. Yaya ya ce a ba shi lokaci. Bayan an jima ya kira.

"Baba, na gwada a nan. Na rubuta masa Fulatanci da hannuna, ya fito tas, ga muryar Ardo nan ina ji. Matsalar tana cikin fayil ɗinka."

"Fayil ɗina? Ina rubuta irinsa tun kana rarrafe."

"To a turo mini shi in duba."

Kawu ya ɗauki hoton allon da waya ya tura, wai ba zai ba da ɗan aikensa a yi masa kaciya ba. Yaya ya duba hoton bai ga komai ba. Gajiya ta sa ya ce, "Baba, don Allah a bar wannan tsohuwar hanyar. Zamaninta ya wuce. Bari in rubuta harshen a cikin ginin kawai a huta."

Kawu ya ce a hankali, "To. Zamaninta ya wuce." Ya kashe wayar.

Daga nan gida ya rikice. Ya rufe kansa a ofis yana tona cikin magini layi-layi, yana neman laifin Yaya. Ɗan aikensa kuwa ko kallonsa bai yi da idon zargi ba. Yaya ya kira, ba ya ɗauka. Ni ina Babura hankalina a tashe, ga kasuwa tana matsowa, ga labari yana yawo a rugage cewa an sayar da muryar Ardo. An ce har wasu sun fara shirin kora garkensu su tsallaka iyaka, da masu tarin a ciki.

Hajiya ce ta kashe wutar. Ta kira Yaya ta ce, "Ka ajiye duk abin da kake yi ka zo. An bar ni da tsoho ba ya cin tuwo, ba ya ihu. Gidan ya zama kamar asibiti." Ana gobe kasuwa Yaya ya shigo motar farko daga Kano, ni ma na zo daga Babura. Ya durƙusa a ƙofar ofis ya gaishe da mahaifinsa. Kawu ya amsa yana kallon bango.

Yaya ya ce, "Baba, na yi kuskuren magana, a yafe mini. Ba gyara na zo yi ba. Alfarma ɗaya nake roƙo. Kafin ɗan aike ya kira magini, a ce ya buɗe hannunsa mu ga abin da ya riƙe."

Kawu ya ɗan juyo. Dabarar ta burge shi, na gani a idonsa, amma ya ƙi nunawa. Ya tura kujerarsa baya kaɗan, ya ce, "Ga shi nan. Ba shi da abin ɓoyewa."

Yaya ya ƙara layi ɗaya daf da wurin da ake kiran maginin Fulatanci: set HARSHE, babu komai a bayansa. Ya yi mini bayani cewa idan aka rubuta haka, kwamfuta takan jero duk sunayen da suka fara da wannan kalmar. Ya danna. Muka sunkuya mu uku. Layi biyu suka fito a baƙin allo:

HARSHE=hausa
HARSHE =fulatanci

Ni ban ga komai ba. Yaya ma bai riga ya buɗe baki ba. Kawu ya kai hancinsa daf da allon, ya cire tabarau, ya mayar. Sai ya fasa ƙara: "Tagwaye! Tagwaye ne! Ɗaya yana da wushirya!" Ya dangwala yatsa a kan ɗan giɓin da ke tsakanin kalmar da alamar daidai. A safiyar da yake rawar hannu ya danna sarari ɗaya a wurin, na'ura kuwa ta ɗauki sararin a matsayin wani ɓangare na sunan. Sai ta buɗe sabon suna daban ta zuba Fulatancin a ciki, tsohon kuma yana nan da Hausarsa. Magini ya tambayi HARSHE marar giɓi, aka ba shi abin da ke ciki.

Na zaci kunya za ta kama shi. Ina! Ya miƙe yana dariya har da hawaye, yana buga ƙirji. "Ni ne! Wallahi ni ne! Laifi tudu ne, na hau nawa ina hangen na Kano! Ni na faɗa mata, ita kuma ta yi!" Ya kama kafaɗun Yaya yana girgizawa, sai kawai muka ji ya kira shi da sunansa na yanka, da ƙarfi, har sau biyu. Hajiya tana tahowa da kwanon fura ta tsaya cak a tsakar gida. Yaya ya sunkuyar da kai, kunnuwansa kamar za su kama da wuta. Kawu ya ankara, ya rufe baki da hannu, sannan ya ce, "To, ai na riga na faɗa. Ku kawo furar nan, yunwa nake ji."

Shi da kansa ya goge giɓin. Wannan karon bai yi gardama ba, muka saurara tun a ɗaki. Muryar Ardo ta cika zauren.

Washegari a kasuwar dabbobi ta Babura, Kawu ya hau kan wani benci da babbar rigarsa, ya ɗaga wayar sama, ya ce da jama'a, "Ni na ɓatar da muryar ubangidana, ni kuma na nemo ta. Ga ta!" Karo na farko ke nan da na ji ya yarda Ardo ne ubangida. Ardo ya taɓa hoton saniya, ya ji kansa, ya ja baya yana salati, sannan ya ce, "Kai, ashe haka nake da daɗin murya kuke ƙin gaya mini?" Matan ruga suka matso, wata tsohuwa ta sa aka maimaita mata wurin alamomin tari, ta juya ta yi wa jikarta magana da sauri, aka ruga aka jawo wata karsana. Dattijon nan mai gardama kuwa, kafin azahar na ga shanunsa a layi. Aka yi ta tura manhajar daga waya zuwa waya. Fataken Nijar ma suka karɓa suka tsallaka da ita. Ɗaya daga cikinsu ya dunƙulo sefa zai ba Kawu, Kawu ya ce masa ya saya wa maraƙansa kanwa.

Bayan daminar da ta biyo baya, ciwon zuciya ya kwantar da shi. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere, likita ya hana shi hayaniya, wanda a wurinsa ya fi hana gishiri zafi. Aka sa masa katifa a ofis don ya ƙi yarda a raba shi da teburinsa.

Wata Asabar da hantsi na zo duba shi tare da mahaifiyata. Ita ta shige ciki wurin Hajiya, ni na zauna kusa da shi. Ya yafito ni da ido yana murmushin mai ɓoye abu. Ashe duk kwanciyar nan, idan ya samu ƙarfi, ɗaukar muryarsa yake yi da Barbarci, jimla ɗaya ya huta, jimla ɗaya ya huta, don tsofaffin danginmu masu kiwon tumaki da wannan harshen ya fi zama a kunnensu. Ya gama, Yaya ya tace daga Kano. Saura a gina.

Ya ce, "Uwata, hau kujerar."

Na ce, "Kawu, ni da allura na saba."

"Hau."

Na hau. Ya rufe ido, ya ƙi kallon allon, ya ce in riƙa faɗin abin da nake rubutawa. Na buɗe ɗan aike, na sa harshe, na sa gari, na kira magini, ina karantawa da ƙarfi. Bai gyara mini ko harafi ba. Rubutu ya yi ta gudu a allon, ya tsaya. Na zuba a waya, na taɓa hoton tunkiya.

Muryarsa ta fito, a dushe amma da fara'arta, ta fara da gaisuwa irin ta tsofaffinmu. Sai muka ji an amsa daga tsakar gida. Mahaifiyata ce. Tun rasuwar tsohuwarsu ban ƙara jin ta yi Barbarci ba, har na ɗauka ya zube mata. Ta shigo da hannunta duk garin dawa, ta tsaya a ƙofa tana saurare, leɓenta yana motsi tare da wayar. Kawu ya buɗe ido, fuskarsa ta haskaka kamar yaron da aka saya wa keke.

Can ta ɗaga hannu ta ce in tsayar. Ta ce wa Kawu da Hausa, "Yaya, ba haka Iya take kiran ɗan rago ba. Ka karya kalmar."

"Ni zan karya? Na riga ki jin ta!"

Suka juya harshe suka kaure da musu, ni ba na tsintar komai sai sunan Iya da yake ta dawowa. Yana tari yana dariya, tana nuna shi da yatsa. Daga ƙarshe ta faɗi kalmar a hankali, ta ja ta yadda tsohuwar take ja. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Haka ne. Wallahi haka take faɗa. Uwata, ɗauko abin ɗaukar murya, maza, kafin ta manta!"

Ta faɗa, na ɗauka, Yaya ya dasa ta a wurinta. Bai cika mako biyu ba bayan nan Allah ya karɓi abinsa, da rana tsaka, bayan ya yi sallar azahar a zaune.

Manhajar Barbarcin tana nan a wayoyin mutane. Duk wanda ya saurara zai ji tsoho yana bayani a hankali, yana ɗan tsayawa ya ja numfashi, sai a tsakiyar jimla muryar mace ta shigo ta faɗi kalma ɗaya, sannan tsohon ya ci gaba. Masu saurare sukan tambaye ni ko kuskure ne. Nakan ce musu a'a, wa ne da ƙanwarsa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sa duk dabbar da ta tashi saboda aikinsa ta zama nauyi a mizaninsa. Ya ba Hajiya da mu duka haƙurin shirun da ya bar mana. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.